Disney Vacation Club: ɗaki kake saye, garaɓasa tana hannun mai ita

Tun 2018 nake riƙe da maki 160 a Disney Vacation Club, kuma duk 'yar'uwar da ta ji haka a nan Amurka tambayarta ɗaya ce: kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Amsata e, ta biya, amma ba ta inda mutane suke zato ba. Hankalin masu tambaya yana kan rangwamen tikiti, da shagalin dare, da falon da ake keɓe wa mambobi. Ni kuwa ɗakin kwana na saya, kuma shi kaɗai nake sa wa a lissafi.

Ga wanda bai san tsarin ba, Disney ta fara shi a 1991 da masaukin da yanzu ake kira Old Key West, a Walt Disney World kusa da Orlando, jihar Florida. Mutum yana sayen ɗan rabo ne a ɗaya daga cikin masaukansu, a ba shi takardar mallaka mai rajista, sannan duk shekara a zuba masa maki gwargwadon rabonsa. Da makin nan yake kama ɗaki. Daren Juma'a da na Asabar sun fi cin maki, makon Kirsimeti kuwa ba a magana. Satumba ya fi kowane wata sauƙi, saboda yara sun koma makaranta, ga zafi ga ruwan sama. Idan ba za ka je bana ba, kana iya tura makinka zuwa baɗi, muddin ka yi hakan a cikin wata takwas na farkon shekarar amfaninka. Kana kuma iya jawo na baɗi ka haɗa da na bana. Masaukin da ka saya a ciki shi ne gidanka, kana kama ɗaki a can tun saura wata 11 a yi tafiya, sauran masaukan kuwa sai saura wata bakwai. Wata huɗun nan da ke tsakani sun fi ƙarfin a raina su, domin ƙananan ɗakuna a wurare irin su Beach Club da BoardWalk kafin a kai saura wata bakwai masu gida sun kwashe, musamman a kaka lokacin bikin abinci na Epcot, ɗaya daga cikin wuraren wasan Disney.

Namu gidan Animal Kingdom Villas ne, kuma ɓangaren Kidani Village muke sauka. Mu biyar ne, ni da maigida da yara uku. Maki 160 ba ya isar mu mako guda a ciki da falo mai kallon dawa, don haka mukan haɗa na shekara biyu mu yi tafiya ɗaya mai kyau. Ciki da falon Kidani bandaki biyu gare shi, wanda duk uwar da ta taɓa shirya yara uku da sassafe ta san darajarsa. Akwai cikakken kicin, murhu da tanda da babban firji da tukwane, ga injin wanki da na busar da kaya a cikin ɗakin. A wurinmu kicin ɗin nan ya fi komai. Muna kula da abin da muke ci, kuma neman naman halal a cikin wuraren wasan aiki ne. Da mun sauka sai maigida ya shiga gari ya sayo nama a shagon halal, in dafa abin da zai kai mu kwana biyu ko uku, mu karya a ɗaki, mu dawo da azahar mu ci mu yi salla mu huta, sai la'asar sakaliya mu sake fita. Kuɗin da iyali biyar za su kashe a kan abincin waje sau uku a rana har mako guda ba kaɗan ba ne. Da safe kuma yara kan fita baranda su tarar da raƙumin dawa da jakin dawa da shanu masu manyan ƙaho suna kiwo a ƙasa. Autana ya fi son wannan a kan kowane lilo.

A sani cewa ba otal ba ne da ake gyara gado kullum. Wanda ya kama ɗaki da maki, sai rana ta huɗu ake kawo masa sababbin tawul. Mu hakan bai dame mu ba.

To, garaɓasa. Tarihinta kaɗai ya isa ya nuna wa mutum irin zamanta. Waɗanda suka saya a farkon shekarun 1990 har tikitin shiga wuraren wasa aka riƙa ba su kyauta idan sun sauka, kuma wannan ya ƙare a ƙarshen 1999. A Maris 2011 aka ce duk wanda ya sayi maki na hannu, wato daga wani mamba ba daga Disney kai tsaye ba, ba zai yi amfani da su a jirgin ruwan Disney ko tafiye-tafiyen Adventures by Disney ba. A Afrilu 2016 aka cire masu sayen na hannu daga rangwamen abinci da na kanti da na tikitin shekara da shagulgulan mambobi. Daga nan mambobi suka rabu gida biyu, masu shuɗin kati da masu fari. A lokacin, wanda ya ƙara maki 25 kawai daga hannun Disney ya samu shuɗin kati. A 2018 aka mai da shi 75, a 2019 ya zama 100, a 2020 ya kai 125, a 2021 kuma 150.

Ni farin kati gare ni. Na hannu na saya ta hannun dillali, a kan dala 100 da 'yan kai kowane maki, kuma na san abin da na bari tun kafin in sa hannu. Ba ni shiga falon mambobi da ke saman ginin Imagination a Epcot, inda ake shan lemo kyauta a cikin sanyi. Ba a gayyata ta Moonlight Magic, daren da ake keɓe wa mambobi wurin wasa bayan an tashi. Wata ƙawata mai shuɗin kati tana jin daɗin waɗannan sosai, kuma ina taya ta murna. Sai dai ita kanta takan ce rajistar daren nan kafin ka ƙifta ido ta cika. Idan aka auna bambancin farashi tsakanin sayen maki 150 kai tsaye, wanda yanzu a yawancin masaukai kowane ɗaya ya haura dala 200, da sayensu na hannu a tsofaffin masaukai, dubban daloli ne masu yawa. Kofin lemo nawa, rangwamen riga nawa zai cike wannan ramin?

Garaɓasa ɗaya ce na yarda tana da nauyi a aljihu, wato damar sayen tikitin shekara mai suna Sorcerer Pass, wanda mazauna Florida da mambobi masu shuɗin kati kaɗai ake sayar wa. Iyalin da ke zuwa sau biyu ko fiye cikin wata goma sha biyu suna rage kuɗi na gaske da shi. Amma ko shi, a Nuwamba 2021 an dakatar da sayar da sababbi, ba a dawo ba sai Afrilu 2023. Wanda ya biya ƙarin dubbai saboda tikitin nan a tsakanin lokacin sai dai haƙuri. A 2025 kuma aka fito da Membership Magic Beyond, wasu ƙarin alfarmomi da mai shuɗin kati zai biya dala 99 a shekara kafin ya samu. Wannan ya nuna inda aka dosa.

Ba na ganin an yaudari kowa, domin takardun sayen sun faɗa ƙarara cewa alfarmomin nan ba sa cikin abin da ka mallaka, ana iya sauya su ko a janye su kowane lokaci. Kamar gyara ce da mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu: in ya ba ka ka gode, in ya hana ba ka da ƙara, domin mudu ka biya. Abin da ke damuna shi ne yadda sababbin masu saye ke shiga ofishin talla da zumuɗin hutu, yara na tsalle, su fito da gyarar a ransu sun manta da auna mudun. Haka ma abubuwan da duk baƙon masaukan Disney ke samu, mamba ko ba mamba ba. Motar Magical Express da ke ɗauko mutane kyauta daga filin jirgin Orlando ta daina aiki daga farkon 2022. FastPass+ na kyauta, tsarin kama lokacin hawa lilo ba tare da dogon layi ba, ya tafi, a Oktoba 2021 Genie+ na kuɗi ya maye gurbinsa, shi ma a 2024 aka sauya masa suna da tsari. Duk wanda ya yi lissafin hutunsa a 2018 da waɗannan a ciki, lissafin ya tashi.

Akwai sauyi ɗaya da ya sha bamban da sauran, kuma shi nake so a fi lura da shi, domin ɗakin kansa ya taɓa. Daga 19 ga Janairu 2019, wanda ya sayi na hannu a tsofaffin masaukai 14 ba zai kama ɗaki a sababbin da aka gina bayan nan ba. Wanda kuma ya sayi na hannu a Riviera, ɗaya daga cikin sababbin, a Riviera kaɗai zai kwana. Haka aka yi wa Villas at Disneyland Hotel da ke Kalifoniya da Cabins na Fort Wilderness. Mu da muka saya kafin ranar dokar ba ta hau kanmu ba. Amma mai sayen Riviera kai tsaye yau ya sani, shi zai yi yawo da makinsa ko'ina, ranar da ya tashi sayarwa kuwa kaya mai takunkumi zai miƙa, kuma mai saye zai taya daidai da haka. Rayuwa ba ta da tabbas. Aiki kan tafi, ciwo kan zo, yara kan girma su ce sun gaji da Orlando. Abin da ya bambanta tsarin Disney da yawancin irinsa a Amurka shi ne yana da kasuwa idan za ka fita, har kamfanin kan yi amfani da haƙƙinsa na karɓe cinikin da ya ga ya yi araha. Duk abin da ya rage ƙarfin kasuwar nan ya fi rashin falo ciwo.

Sai kuɗin shekara, wanda ba ya fashi. Shi ake biyan ma'aikata da gyaran gini da inshora da harajin ƙasa, kuma a kan kowane maki ake yanka shi. A Animal Kingdom bai kai dala 7 ba a 2018, zuwa 2024 ya haura dala 9. A maki 160 kusan dala 1,500 ke nan a 2024, kuma duk Janairu sai an biya, ka je ko ba ka je ba. A 2020 da annoba ta sa aka rufe wuraren wasan daga Maris zuwa Yuli, maki suka taru a hannun mutane har aka taƙaita jawo na baɗi zuwa rabi na wani lokaci, amma masaukai na nan suna cin kuɗin kula. Masaukan bakin teku, Vero Beach da Hilton Head, makinsu na hannu kan yi araha, sai dai kuɗin shekararsu yana cikin mafi tsada. A ƙarshe abin da mutum zai biya a kuɗin shekara ya ninka abin da ya biya ranar saye.

Kuma mallakar tana da wa'adi. BoardWalk da Beach Club da Boulder Ridge da masaukan teku biyun duk ranar 31 ga Janairu 2042 za su koma hannun Disney, haka Old Key West ga wanda bai tsawaita zuwa 2057 ba. Saratoga Springs 2054, namu 2057, Bay Lake Tower 2060, Riviera 2070. Wanda zai sayi Beach Club yau ƙasa da shekara 20 yake saye, don haka ya raba farashin a kan shekarun da suka rage kafin ya kira shi araha. Ana gadonsa, amma magada da kuɗin shekara za su gada.

Wa nake ba shawarar ya saya? Iyalin da dama can suna zuwa aƙalla duk shekara biyu, suna sauka a manyan masaukan Disney, suna iya sanin ranar hutunsu tun wata goma sha ɗaya, kuma kuɗin na hannunsu. Na ƙarshen nan ba na sassauci a kansa. Bashin da ake bayarwa don irin wannan saye kuɗin ruwansa yana da yawa, yana cinye ribar gaba ɗaya, ban da abin da addini ya ce a kai. Wanda ya gamsu da otal mai sauƙi a wajen harabar, ko gidan haya mai ɗakuna huɗu a garin Kissimmee da ke kusa, zai kashe ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wanda aikinsa ba ya barinsa ya tsara hutu da wuri zai sha wahala, domin soke ɗaki cikin kwana 30 na ƙarshe yana jefa makin cikin wani asusu mai ƙa'idoji masu tsauri.

Kafin kowa ya sa hannu, ya fara yin hayar maki daga wani mamba ya kwana a masaukin da yake sha'awa, ya ga ko motar bas daga Kidani zuwa Magic Kingdom ta yi masa nisa, ko dafa abinci a hutu ba tsarinsa ba ne. Wanda kuma ya riga ya sa hannu yana cikin ɗokin tafiya, dokar Florida ta ba shi kwana 10 ya janye a mayar masa da kuɗinsa. Ya zauna a cikin kwanakin nan da biro da takarda, ya rubuta farashin maki da kuɗin shekara da shekarun da suka rage, ya kwatanta da abin da yake biya a otal yanzu, ba tare da ya sa rangwame ko ɗaya a ciki ba.