Hattara da Masu Sayar da "Abincin Warkar da" Ciwon Gaɓoɓi

Jama'a, akwai wata damfara da ta yi yawa a Facebook da TikTok da WhatsApp, kuma masu fama da ciwon gaɓoɓi na rumatoyid ake farauta. Za a nuna maka bidiyon wata tana tafiya garau, a ce da ko cokali ba ta iya riƙewa. Kana tuntuɓarsu sai su sayar maka da jadawalin abinci haɗe da wani gari ko ƙwayoyi "na ganye zalla", su ce maganin asibiti guba ne, ka ajiye shi.

Wallahi ƙarya suke yi. A wannan ciwo garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta afka wa gaɓoɓinsa, shi ya sa yatsu da wuyan hannu ke kumbura, su sandare da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Har yau babu abincin da aka tabbatar yana kawar da shi.

Abinci yana da nasa amfanin, kuma a nan suke laɓewa. Man kifi mai omega-3, wani nau'in mai da ke cikinsa, yakan ɗan rage zafi da sandarewar safe. Irin cimar mutanen yankin Bahar Rum, wato kayan lambu, kifi da man zaitun, tana taimaka wa zuciya, wadda dama ciwon kan jefa cikin haɗari. Rage ƙiba da barin taba sigari ma suna da tasiri. Sauƙi ne kaɗan, ƙari a kan maganin likita. Su kuwa sai su ɗauki wannan 'yar gaskiyar su lulluɓe ƙaryarsu da ita.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu barin maganin asibiti, wato methotrexate da ire-irensa. Waɗannan magunguna su ke hana ciwon cin ƙashi, kuma cin kan fara tun shekaru biyun farko. Gaɓar da ta lalace ba ta komawa daidai, duk abin da mutum zai ci daga baya.

Sannan abin da ke cikin kwalbar. Idan ka sha gari ka ji zafi ya ɗauke cikin 'yan kwanaki, ka yi zargin an zuba magani a ɓoye. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gano dexamethasone da diclofenac, magungunan asibiti masu rage kumburi da zafi, a cikin Reumofan Plus, wanda ake tallatawa a matsayin na gargajiya. A 2022 ta sake yin irin wannan gargaɗi kan wani makamancinsa mai suna Artri King. Shan waɗannan magungunan da aka ɓoye ba ƙa'ida yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Wanda ya riga ya jima yana sha, don Allah kada ya yanke lokaci guda, domin jikin da ya saba da dexamethasone yana iya shiga mummunan hali, jini ya faɗi har a suma. Ya ɗauki kwalbar yadda take ya kai wa likita, a auna sugansa da jininsa da ƙodarsa, a janye masa a hankali, a mayar da shi kan maganinsa.