Yadda nas-nas suka riƙe Inna a ɗakin mata

Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon suga da hawan jini, daga baya kuma ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka kwantar da ita a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati a Kano, ni ce mai jinya, don haka komai a kan idona aka yi shi.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne sutura. Tsohuwar da ta haifa ta aurar, ga jikoki, yau sai an sa mata robar fitsari, sai an goge mata jiki. Sistar da ke aikin safe ba ta taɓa ɗaga mata zani ba sai ta ja labule tukuna, ta ce, "Inna, sannu da jiki, zan juya ki." Bakin Inna ya karkace, kalma ɗaya sai da ƙyar, amma takan tsaya ta jira ta ƙarasa, ba ta juyo ta tambaye ni me take cewa. Allah Ya saka mata da alheri.

Ita ce ta koya mini juya ta duk bayan awa 2, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a riƙa duba ƙugu da diddige. Ta kama hannuna ta ɗora a wurin, ta ce in fata ta yi duhu ta ɗau zafi, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, kuma a jikin mai suga ba ya saurin warkewa. Har aka sallame mu fatar bayan Inna lafiya lau.

Dare ne matsalar. Nas biyu ga ɗaki cike, ƙarin ruwa ya ƙare ka yi ta kira. Na san hannu ya yi kaɗan, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma da kanta ta ce nas-nas sama da 15,000 suka bar Najeriya a 2023. Amma gajiya ba ta halatta wa wata daka wa tsohuwar gadon kusa da mu tsawa ba, wai "ai ba ke kaɗai ba ce", don ta nemi a canza mata shimfiɗa. Jika ce fa a wurinta.

Duk da haka, in lalura ta sake kamawa can zan mai da Inna. Mai kai tsoho ya tafi da filo da zannuwa da safar hannu, kuma masu jinya su zama biyu, ɗaya na dare.