Casio fx-991EX: Iyakar abin da maɓallin FACT zai faɗa maka game da babbar lamba

Mai son sanin halin babbar lamba, daga gano lambobin firam ɗin da suka haɗa ta yake farawa, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Kalkuletar fx-991EX tana wannan aiki, kuma da shi ya kamata a auna ta.

Rubuta lambar, danna =, sai SHIFT, sai maɓallin digiri da minti mai FACT a samansa. Gwada 720720. Nan take za ta nuna 2⁴×3²×5×7×11×13. Sauran aikin naka ne, don ba ta ƙirga maka lambobin da ke raba ta. Ƙara 1 a kan kowace ƙaramar lambar sama (firam ɗin da ba shi da ita, ɗauke ta 1 ce), ka ninka: 5×3×2×2×2×2, wato masu raba ta 240 ne. Jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, 2,529,072 ce, ta ninka lambar fiye da sau uku. Haka 33,550,336 take fitowa 2¹²×8191, siffar lambobin nan da jimlar masu raba su ke dawo da su daidai, irin 6 da 28.

Inda ake tafka kuskure shi ne baka biyu, wato alamar ( ) da take sa wata lamba a ciki. Na'urar tana gwada rabawa da firam ɗin da ba su wuce alƙaluma uku ba ne kawai, har zuwa 997. Idan abin da ya rage bai kai 1,018,081 ba, wato 1009×1009, dole firam ne, sai ta rubuta shi fili. In ya kai, ta sa shi cikin baka biyu ta tsaya. Ɗalibai da yawa suna ɗauka baka biyun na nufin firam. Sam ba haka ba ne. Shigar da 4,294,967,297, wato 2³²+1, da ake kira lambar Fermat ta biyar, wadda masanin lissafi Euler ya warware a 1732, za ka ga 641×(6700417). A nan na cikin bakan firam ne. Amma 1,022,117 ma cikin baka take fitowa, alhali 1009×1013 ce. Fuska ɗaya, amsa biyu, kuma ba ta gaya maka wacce ce. Wannan aibi ne na gaske, ya kamata malami ya nuna shi a aji tun ranar farko.

Iyaka ta biyu: alƙaluma goma. FACT ba ta karɓar abin da ya wuce haka. 2⁴⁰ ma sai ta nuna 1.099511628×10¹², wutsiyar lambar ta ɓace, ga shi a wutsiyar ake gane mara ce ko cika.

Tana aiki da hasken rana da batir LR44 ɗaya. Jabunta sun yi yawa a kasuwa, saboda haka ka gwada waɗannan lambobi a gaban mai shago kafin ka biya. Ɗan sakandare da ɗan shekarar farko a jami'a, ta ishe su. Mai bibiyar manyan lambobi kuwa, ya koma manhajar lissafi ta PARI/GP a kwamfuta, kyauta ce.