Tayar da aka ce ƙaya ba ta huda ta: abin da na gani a hanyar Daura

Wata uku ke nan da na sa wa kekena tayoyin nan masu kaurin roba da ake cewa ƙaya ba ta huda su, kuma tun ranar da muka dawo daga Daura 'yan'uwa ke tambayata ko su saya. Na daɗe ina jan ƙafa, domin ni kaina zuciyata biyu ce a kansu. Yau dai bari in faɗi abin da idona ya gani, kowa ya yi wa kansa hisabi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur na koma keke, abin da na fara don dole kuma ya zame mini abin so. Mu huɗu ne muke fita duk ƙarshen mako bayan sallar asuba. Kekena ɗan gwanjo ne irin na Turai, mai giya da siririn wili, ba ni da kuka da shi sai abu ɗaya: tsidau. Duk wanda yake tuƙa keke a ƙasar Katsina bayan damina ya san halin tsidau. Da babbar mota ta matse ka ka sauka daga kan kwalta, to ka kwasa. Akwai makon da sau huɗu ina tsugunnawa gaban mai faci, har tiyub ɗin baya ya koma kamar rigar almajiri don faci. Shi ya sa da muka tsai da shawarar zuwa Daura daga Katsina, tafiyar kusan kilomita 80, na ce ba zan kama wannan hanya da tsofaffin tayoyina ba.

Mai shagon da na je wa ba zan kama sunansa ba. Ya ɗauko mini tayar ya murɗa ta a gabana, ya danna babban yatsa a tsakiyarta don in ga kaurin robar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin zanen, ya ce ko ƙusa sai ta yi da gaske. Na ce masa inci 28 nake so, ya ce ga ta. Na kai gida na yi ta fama, taya tana lilo a kan wili kamar an sa wa yaro takalmin babansa. Sai da wani abokin tafiyarmu ya zo ya nuna mini lambar da ke jikin robar. Ashe tayoyi iri biyu ne ake kira 28. Akwai ta tsofaffin kekunan iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, wadda za ka ga an rubuta mata 635, akwai kuma ta kekunan Turai na yanzu mai lamba 622. Milimita 13 ne kacal tsakaninsu, amma ɗaya ba ta zama a wilin ɗaya. Mutumin da sana'arsa ke nan ai ya kamata ya tambaye ni wane irin keke ne kafin ya miƙo mini. Na koma, ya yi 'yan ƙunƙuni, ya canza mini, ya ce yaronsa ya ɗaura mini su da sababbin tiyub, ya kuma ɗora mini wani ɗan famfon roba a matsayin gyara. Na yi godiya na tafi ina jin an fita hakkina.

Ranar wata Asabar cikin hunturu muka kama hanya. Wanda bai taɓa yi ba ya sani cewa Daura gabas take da Katsina, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka tun daga fita gari a ƙirji kake karɓarta. A nan na fara jin nauyin tayar. Ba ta da sauƙin tashi, in ka tsaya ka sake ɗaukar gudu sai ka ji kamar an ɗaura maka buhu a kariya. Amma da ta ɗau hanya ba ta da gardama, kuma sau biyu tirela ta tura mu gefen titi cikin busasshiyar ciyawa, na fito lafiya. Muka tsaya Mashi muka sha shayi da ƙosai, ina ta yabon tayata, har ina ce wa abokaina su ma su daure su saya.

Ba mu yi nisa da Mashi ba na ji baya ya fara lanƙwasa. Ba ƙara, ba fashewa, iska ce kawai take sacewa a hankali har wili ya soma dukan kwalta. Wallahi raina ya ɓaci matuƙa. Tayar da na zuba kuɗi masu ciwo a kanta, tafiyar farko, ko rabin hanya da ƙyar muka wuce. Biyu daga cikinmu sun riga sun yi gaba, ɗaya ya tsaya tare da ni. Ina da faci da sholisho a jaka, na ce abu mai sauƙi ne. Sai taya ta ƙi fita. Bakinta ya kama wili gam, na sa ƙarfen ɓalle taya har ya lanƙwashe, yatsuna suka yi ja saboda sanyi da ƙura. Na ce to bari in buga iska in lallaɓa zuwa gari na gaba. Bugu na uku kan ɗan famfon gyaran nan ya tsage ya bar ni da mariƙi a hannu. Famfon abokina kuwa na bawul mai kauri ne, irin na babur da mota, ni kuma yaron shago siririn bawul ya sa mini, mai ɗan noti a kai, bai ko gaya mini ba.

Haka na tura keken nan a ƙasa, rana ta fara ɗagawa, ƙura ta cika mana hanci, har muka iso wani ɗan ƙauye a bakin hanya. Akwai mai facin babur da injin iskarsa. Ya gwada, bakin tiyonsa bai kama siririn bawul ɗin ba, iska sai fita take ta gefe. Shi ne ya nuna mana wani tsoho a gindin bedi, zaune kan buhu, gabansa wani kwanon ruwa da ya yi baƙi da tarin tsofaffin kaca da feda.

Na yi sallama na durƙusa. Na ce, "Baba, taimako muka zo nema, Daura muka nufa." Ya dubi keken ya dube ni, ya ce, "Daga Katsina da ƙafa biyu? Sannunku, samari. Kawo ta nan."

Abin da tsohon nan ya yi shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Bai taɓa ƙarfe ba. Ya kifa keken, ya cire wilin ya jingina shi a gwiwarsa, ya bi tayar zagaye yana matse bakinta da tafin hannu yana tura shi cikin kwarin da ke tsakiyar wili. Da ya gama zagayawa sai taya ta yi sako-sako a sama, ya sa manyan yatsunsa biyu ya murza ta, ta zame ta fito kamar ɓawon ayaba. Ni da na yi rabin sa'a ina kokawa da ita. Ya zaro tiyub, ya ɗauko wani tsohon famfon ƙarfe mai ɗan tiyo da ake murzawa, irin wanda ake maƙalawa a jikin kekunan da, ya sassauta ɗan notin kan bawul ɗina, ya murza tiyon, ya zauna daram. Ashe famfon bawul ɗin tsofaffin kekuna yana kama wannan siririn. Injin babur ya kasa, famfon da ya girme ni ya yi.

Ya tsoma tiyub a kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta fara tasowa. Ya danne wurin da yatsa, ya ce, "Yaro, matso ka gani. Ta ina hujin yake?" Na duba. Ba ta bayan tiyub yake ba inda yake kallon titi, ta ciki yake, ɓangaren da ke kwanciya a kan wili. Ya ce, "To ƙaya ta ƙasa take zuwa ko ta sama?" Ya ɗaga wilin ya nuna mini. Robar nan da ake zagaya wa cikin wili don ta rufe kawunan wayoyi ta goce gefe, ta naɗe, kan waya guda yana tsirara, shi ya yi ta cin tiyub tun daga Katsina har ya huda shi. Wanda ya ɗaura tayar ne ya ture ta bai gyara ba.

Daga nan ya ɗauki tayar kanta ya bi ta da yatsu ta ciki a hankali, bai ji komai ba. Ya juya ta waje ya sa bakin allura yana ɗebe abin da ya maƙale a zanenta yana zubawa a tafin hannuna. Ƙayar tsidau bakwai na ƙirga, da wani ɗan tsinin kwalba. Ko ɗaya bai kai ciki ba. Na tsaya ina kallon su a hannuna, duk zagin da na yi wa tayar a zuci a kan hanya ya dawo mini. Da tsohuwar tayata ce, faci bakwai ke nan.

Ya yanko wani tsohon tiyub ya yi mini sabuwar ɗamara a cikin wili, ya kankare wurin hujin, ya shafa sholisho, sannan ya ajiye ya ci gaba da hira da abokina har sai da ya bushe ya daina sheƙi kafin ya manna facin. Ya ce gaggawar mannawa ce take sa faci ɗagowa. Kafin mu tashi ya sa na hau keken ya kalli ƙafata, ya ɗaga mini sirdi da kamar yatsa biyu, ya ce in na ɗora diddige a feda tana ƙasa ƙafar ta miƙe sosai, in ba haka ba gwiwa za ta yi mini ciwo kafin Shargalle. Abin da ya ce in ba shi ko kuɗin shayin da muka sha a Mashi bai kai ba. Na ƙara masa, ya yi ta sa albarka. Allah ya saka wa Baban nan da alheri, ya ƙara masa lafiya.

Mun shiga Daura bayan azahar, muka yi sallah, muka je muka sha ruwan rijiyar Kusugu, muka kwana. Washegari iska tana bayanmu, dawowar kamar ana tura mu. Tun daga ranar zuwa yau ban tsuguna gaban mai faci ba ko sau ɗaya, kuma ina bin hanyoyin gona da a da ba na yarda in shiga. Ta wannan fuska tayar ta cika alƙawari, kuma da a makon da muka dawo na yi rubutun nan da sai in ce kowa ya je ya saya ido rufe.

Amma fa akwai abin da ya sake tayar mini da ɓacin rai. Kimanin mako uku da suka wuce ina wanke keken sai na ga gefen tayar baya ya yi ƙananan tsage-tsage, kamar ƙasar fadama in ta bushe. Zanen da ke taka ƙasa ko alamar cinyewa bai yi ba, gefen ne ya fara mutuwa. Ban taɓa barin ta ba iska ba, kuma a zaure keken yake kwana, ba a rana ba. Ni abin da na fahimta, roba ce da ta daɗe a ajiye cikin zafi kafin ta zo hannuna. Na tuna ma ranar da aka canza mini, daga can ƙasan tari aka zaro ta, duk ƙura. Na koma shagon da keken. Na ce, "Alhaji, dubi tayar da ka ba ni, wata uku ba ta cika ba." Ko tashi bai yi daga kujera ba, ya ce ai kayan roba haka suke, rana ce. Na ba shi labarin ɗamarar da yaronsa ya ture da famfon da ya tsage, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ba kuɗi na je nema ba. Da ya kira yaron ya nuna masa kuskurensa a gabana, da ya wadatar da ni. Wannan sakacin na minti ɗaya shi ya sa na tura keke cikin ƙura a hanyar da ban san kowa ba, kuma gobe wani za a yi wa.

Saboda haka masu tambayata: irin tayar tana da kyau, tsidau ba ya cin ta, amma tana da nauyi kuma tana da taurin fita, wanda ƙafarsa ba ta saba da doguwar tafiya ba zai ji a cinya. In za ka saya, karanta lambar jikin tsohuwar tayarka ka tafi da ita a rubuce, lanƙwasa gefen sabuwar a cikin haske ka duba ko ta fara tsagewa, ka tsaya a kan mai ɗaurawa har ka ga ɗamarar wili ta zauna daidai, ka kuma tambayi wane bawul aka sa maka. Shagon can dai ni na bar shi.

Tayar gaba tana nan garau. Ta baya ina duba ta kullum da safe kafin in fita, tsagar ba ta kai zare ba tukuna, amma ba zan sake kama hanyar Daura da ita ba. Na samo famfon ƙarfe irin na Baba a wurin wani mai tsofaffin kaya, na ɗaure shi a ƙarƙashin sirdi, ɗamarar da ya yanka mini kuma har yanzu ita ce a cikin wilin.