Stihl na hannu ko sabon ɗan Cana? Amsar ɗan'uwan da aka sace wa inji

Ɗan'uwa da farko jaje, Allah ya mayar da alheri. Na ga abin da ka rubuta, an fasa maka shago an ɗauke injin yankan itacenka Stihl MS 381, kuɗin hannunka kuma ba za su kai sabo ba, kana tambaya ka sayi Stihl na hannu ko ka ɗauki sabon injin 5200 ɗan Cana ka ci gaba da aikin datse bishiya. Toh ni duka biyun na riƙe su, bari in faɗa maka yadda na gansu.

Ƙarfi dai ba a haɗa su, 381 silindarsa cc 72 ce, shi kuma ɗan Cana ko an rubuta 52 ko 58 a kwali sau da yawa bai kai ba, asalinsa ma kwaikwayon wani injin Japan ne na Zenoah. Rassan darbejiya da mangwaro zai yanka maka su lafiya lau, ga shi ba nauyi in za ka hau sama da shi, amma ka sa shi a gindin maɗaci ko tsamiya sai ka ji tausayinsa.

Inda suka rabu da gaske kafireta ce. Ita kafiretar injin nan ba irin ta mashin ba ce mai kofin mai a ƙasa, 'yar fatar roba ce a ciki ke tsotso mai, shi ya sa ko ka kifa injin yana ci gaba da aiki. Ta Stihl yawanci ƙirar kamfanin Zama ce ko Walbro, ta tsohon samfurin 070 kuma Tillotson, ita Zama ɗin ma Stihl ya saye kamfanin tun 2008. Kusoshin saiti uku ne, L na ƙaramin gudu, H na babban gudu in ka matse totur, sai LA na silo. A ta asali in ka ɗaure L da H a hankali har su zauna ka kwance kamar zagaye ɗaya ɗaya, injin zai tashi, ɗan gyara kaɗan ya rage, kuma in ta zauna ta zauna sai ka yi wata biyu ba ka taɓa sukundireba ba. Ta Cana fa? wallahi da safe ka saita yana kuka mai daɗi, kafin azahar ya yi zafi girgiza ta kwance kusar, ka ja totur ya shaƙe ya mutu, kana saman reshe kana ta jan igiya mai gida na tsaye a ƙasa yana kallonka. Ba wai duka ne ba, akwai wadda za ka dace, amma sa'a ce.

Kuma nan ne yara ke kashe inji. In suka ga ba ya ja sai su ɗaure H don ya yi ƙara, su a ganinsu ƙarfi ne, alhali mai suka rage masa, kuma baƙin man da ke shafa fistin a cikin fetur ɗin yake, an rage fetur an rage shi kenan. Minti goma ya isa fistin ya karce. In ka saki totur gaba ɗaya a iska ya kamata ka ji yana ɗan gurnani kamar mai kakari, da sarƙa ta shiga itace sai muryar ta washe. In ka ji yana tsiwa siririya kashe shi. Wannan dokar duk su biyun ta hau kansu, sai dai ɗan Cana ya fi saurin zamewa zuwa can da kansa.

Haɗin mai ma ya bambanta, Stihl 50:1 ne da 2T mai kyau, wato mil 100 a lita 5, 'yan Cana da yawa 25:1 suke rubutawa, kenan ninki biyu, ga hayaƙi ga filogi na yin baƙi. Ƙurar hunturu kuma ba ruwanta da wanda ka saya, matatar iska in ta toshe duk saitin ya tashi a banza. Fetur mai gauraye shi ke busar da fatar nan ta yi tauri kamar ganda, wanda ya yi aiki a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da man nan mai methanol ya san zancen. Bambancin shi ne ta asali ka sayi kit na gyaranta ka canza fata ta dawo sabuwa, ta Cana kuwa ba mai wahalar da kansa, jefarwa ake a ɗaura wata tunda araha ce.

Sai maganar sata, wadda ita ta kawo mu nan. Ɓarawo ya san Stihl, kalar lemu da fari daga nesa yake hango ta, kuma yau ya ɗauka yau zai sayar. Ɗan Cana ko an ɗauka zafin da sauƙi. Akwai ma satar da ba a fasa ƙofa, ni na taɓa ba wani aron injina kwana biyu, ya dawo fes a goge, sai dai ya ƙi zama a silo, da na buɗe murfi na ga kafireta fara ƙal ba tambari a jikinta, tawa an cire. Tun daga nan nake ɗiga jan fenti a kan notunanta.

Wannan ne kuma haɗarin na hannu. In aka kawo maka 381 a rabin kuɗi ba rasit, mai shi yana sauri, to ka tuna yadda ka ji ranar da ka tarar da kwaɗonka a karye, kuma in aka kama shi a hannunka kai za ka yi bayani a caji ofis. Duba lambar jikinsa, guda 9 ce an buga ta a ƙarfen kusa da salansa, in ta fara da 1 Jamus ne, 3 Burazil, 8 Cana, don Stihl na da masana'antarsa a can, ba duk na Cana ne jabu ba. In ka ga an goge wurin da gurza ajiye musu kayansu. Ka sa a cire salansa ka leƙa fistin, ka buɗe murfi ka ga sunan Zama ko Walbro da idonka. Naka da aka sace ma in kana da lambar a rasit ka kai wa 'yan sanda ka kuma raba wa bakanikai, don ƙarshenta wurinsu zai je.

Ni a matsayinka, in aikinka datse rassa ne a gidaje da makarantu, zan ɗauki ɗan Cana yanzu in sayi kafireta ɗaya ta ajiya in jefa a jaka, in riƙa tara kuɗin sabon Stihl MS 382. In kuwa kana kayar da manya kana tsaga katako kar ka ɓata kuɗinka, nemi na hannu wurin wanda ka san gidansa, a rubuta takarda da lambar injin da shaidu biyu. Kuma don Allah wannan karon a ɗaki zai riƙa kwana, ba shago ba.