Zagayen Badagry da ɗan jagora: abin da matafiyi daga Gombe zai tarar

Ga makaranta ko iyalin da za su taso daga Gombe don ganin teku da tarihin cinikin bayi, zagayen da 'yan jagorar Badagry, garin bakin teku a Jihar Legas, ke yi ya ci kuɗinsa, amma sai an ba shi yini guda cur. Inda ake yawan kuskure shi ne fitowa daga Legas da hantsi. Hanyar da ta tashi daga unguwar Mile 2 ta Legas zuwa Badagry ga cunkoso, ga shingayen jami'an tsaro saboda Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, tana kusa. A kama hanya bayan sallar asuba, kowa da katin shaidarsa.

Akan fara da gidan tarihi, ginin 1863, sai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake ce wa bene na farko a Najeriya. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina zai iya ja da wannan laƙabi. Minti ashirin ya isa a nan.

Wurin da ya kamata a daɗe shi ne kurkukun bayi na Seriki Williams Abass. Ɗakuna 40 ne, ƙanana, masu duhu, kuma ana nuna mari da sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su. Shi kansa Abass an taɓa sayar da shi, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Jagoran kirki ba ya gaggauta baƙi a nan. A tambaye shi kuma labarin Kilafaton, Baturen da ya sauka Badagry a 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, domin ba kowa ke kawo shi ba.

Tsibirin Gberefu sai da kwalekwale mai inji. Kada a shiga sai kowa ya sa rigar kariya. Daga gaɓa tafiyar ƙafa ce cikin rairayi, a wuce rijiyar da aka ce ana shayar da bayi, har bakin tekun Atlantika inda aka riƙa loda su a jiragen ruwa. Babu inuwa sosai, a riƙe ruwan sha, kuma a hana yara shiga teku, igiyarsa tana ja da ƙarfi.

Illa biyu: kowane gida da kuɗin ƙofarsa daban, na kwalekwale ma daban, don haka a yi ciniki tun farko a riƙe tsabar kuɗi. Bayanin kuma yawanci da Turanci ne ko Yarbanci, dattawa za su buƙaci tafinta daga cikin ayarin.