Sharhi Kan Ajin Nazarin Littafi Mai Tsarki ta WhatsApp

Wasu malaman tauhidi a Jos suna gudanar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ta WhatsApp, da Hausa zalla. Kowane mako sai a ɗauko aya ɗaya, a ba malamai daga ɗariku daban-daban dama su faɗi yadda ikilisiyarsu ta fahimce ta, kowa da saƙon muryarsa. Na biya kuɗin rajista, na bi zango guda har ƙarshe. Kuɗina bai tafi a banza ba, amma da sauran gyara.

Da Matiyu 16:18 aka buɗe. Fadan Katolika ya ce dutsen da za a gina ikilisiya a kansa Bitrus ne, kuma daga nan kujerar Paparoma ta samo tushe. Faston ECWA ya ce dutsen shi ne shaidar da Bitrus ya bayar a aya ta 16, cewa Yesu shi ne Almasihu. Tsohuwar muhawara ce, ba a daɗe a kanta ba.

Makon Jibin Ubangiji ya fi nama. Wani fasto ɗan Lutheran daga Numan ya ba da labarin zaman da Luther da Zwingli, jagororin Furotesta na farko, suka yi a Marburg ta ƙasar Jamus a 1529. Cikin batutuwa 15 sun daidaita a kan 14, maganar “Wannan jikina ne” ita ta raba su. Luther ya tsaya a kan cewa Almasihu yana nan da gaske cikin gurasa da ruwan inabi, Zwingli ya ce tunawa ce. Calvin, wani jagoran Furotesta, ya zo daga baya ya ce ta ikon Ruhu Mai Tsarki mai bi yake tarayya da Almasihu a jibin. Katolika kuwa, a taron Trent na 1551, suka sake tabbatar da cewa ainihin gurasar ne ke komawa jikinsa. Ashe ko 'yan Furotesta ba bakinsu ɗaya ba.

Darasin da ya biya ni shi ne Matiyu 5:39, batun juya wa wanda ya mare ka ɗaya kuncin. Faston EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) ya ce ikilisiyarsu, wadda ta kafu a Garkida a 1923, ta gaji ƙin ɗaukar makami daga 'yan mishan da suka kawo ta, don haka ayar umarni ce ba misali ba. Limamin Anglika ya kawo Romawa 13:4 da koyarwar Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau: ramuwar gayya haramun ce ga mai bi, amma hukuma ba a banza take riƙe da takobi ba. Wani ɗalibi ya jefo Luka 22:36, inda aka ce marar takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Faston EYN ya amsa masa da Matiyu 26:52, inda Yesu ya ce duk wanda ya zare takobi, takobi ne ajalinsa, muryarsa a kwance. Sanin irin majami'un EYN da aka ƙona a Borno da Adamawa ya sa ba wanda ya iya ce masa da baki kawai yake faɗa. Mai jagorar ajin bai yanke hukunci ba, na kuma yaba masa.

Inda suka gaza shi ne ɗarikun da ba su samu wakili ba. A Ayyukan Manzanni sura 2, malamin da ya bayyana ra'ayin 'yan Fentikos kan magana da harsuna, daga jin muryarsa ka san bai yarda da shi ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka 'yan Otodoks: layi ɗaya aka ba su, cewa na Habasha suna da littattafai 81 a Littafi Mai Tsarkinsu, Katolika 73, Furotesta 66, shi ke nan.

Saƙonnin muryar sun cika tsawo, suna cin data, kuma ba a turo taƙaitawa a rubuce. Wani malami ya karanta fassarar Hausa ta 1932, wani ta 1979, ba wanda zai faɗi wadda ke hannunsa. Ga ruwan “Amin” da ke binne tambayoyi masu ma'ana.

Sabon tuba ya dakata tukuna, kansa zai ɗaure. Dattawan ikilisiya da malaman makarantar Lahadi su ya fi dacewa da su. Zango mai zuwa Romawa 9 za a taɓa, batun zaɓen Allah da 'yancin ɗan Adam. Zan sake yin rajista, na kuma rubuta wa masu ajin cewa su nemo faston Fentikos ya yi magana da bakinsa.